Abin da Na Bari a Damagaram

Mun wuce Maigatari da hantsi, ni a kan takarkari, ƙafafuna duka a gefe ɗaya kamar buhun kanwar da aka ɗaura da gaggawa. Tanko na jan igiya, yana gaya wa duk wanda muka gamu da shi wai ya sayo malami a kasuwa zai kai wa Faransa su ɗanɗana. Tanko ɗan kawuna ne, taubashina, saboda haka tun muna yara bawansa yake kirana, kuma babu maganar da bakinsa bai halatta a kaina ba. Falke ne, ya san hanyar arewa. Ban da matata Hajo, mai wanke tsummokarana, shi kaɗai a ƙauyenmu ya san abin da ya fito da ni.

Ni ne limamin ƙauyenmu a ƙasar Gumel, kusa da Sule Tankarkar. Abin ya fara da ɗan ƙurji a kan mazakutata, wanda ban ba shi darajar cizon sauro ba. Ya ƙi warkewa, ya buɗe baki, ya zama gyambo mai taurin gefe, yana zubar da ruwa da jini, kaluluwa ta taso a matsematsina. Wani tsohon wanzami a Gagarawa ya duba, sannan ya mayar da askarsa zabira.

Ya ce, "Malam, wannan daji ne. In ba a sare shi daga tushe ba zai ci ka har ciki. Ni kuwa na iya sarewa, amma ban iya mutum ya tashi bayan nan ba."

Mai karatu yana da wata azabar da jahili ya tsira daga gare ta, wato ya san hukuncin kansa. Na sha karantar da babin limanci. Na san an ƙi mai yoyo ya ja masu lafiya salla. Na kuma san an karhanta a tsayar da wanda aka yanke wa mazakuta ya zama liman na dindindin. Waɗannan layukan da nake saurin wucewa don ɗalibai na ƙunshe dariya, ashe ni suke jira. In na bar ciwon, in rasa gaban sahu sannan in rasa rai. In aka yanke, in tsira da rai in rasa gaban sahu. A nan mahaifina ya tsaya, a nan kakana ya tsaya, ni kuwa ban iya wata sana'a ba, ko kunyar gero ɗaya ban taɓa kaiwa ƙarshenta a miƙe ba. Na bar wa na'ibina Malam Idi masallaci, na ce wa jama'a neman maganin basir zan tafi, don shi ne ciwon da malami ke iya ambata a bainar jama'a. Kano ta fi kama hankali, amma a Kano kowane lungu akwai Bagumale mai dangi a ƙauyenmu. Tanko ya ce a Damagaram akwai likitan sojan Faransa da ya ga ya farke cikin wani mai raƙumi ya ɗinke, mutumin kuwa har yanzu yana cutar jama'a a kasuwa.

A Dungas muka fara sauka. Fatoman da ya ba mu ɗaki mutum ne mai fara'a da dogon carbi, kuma hancinsa na aiki. Ya same ni a keɓe ya ce, "Gafarta Malam, ni ba yaro ba ne, na san wannan warin. Kada ka yarda Nasara ya taɓa ka, su yanka kawai suka sani. Akwai maƙeri a nan, wuta ɗaya yake sa wa daji ya mutu, mutum ya koma gida da kayansa cif."

Tanko ya ce, "Bawana, wannan carbin ya yi tsawo da yawa. Mu wuce."

Ban wuce ba. Hanya ta uku nake nema tun daga gida, ga wani ya ce akwai ta. Na ba da rigata ta Juma'a ladan aiki.

A bayan maƙera aka kwantar da ni a kan buzun akuya. Ƙarti suka zauna mini a hannuwa da gwiwoyi, aka cusa mini tsumma a baki. Na ga ƙarfen ya fito daga wuta, bakinsa ya wuce ja ya koma fari. Abin da ya biyo baya ban da kalmarsa a Hausa, ban kuma same ta a Larabci ba, ko da yake na nema. Na ji ƙaurin babbaka irin na kan akuya ranar Babbar Salla, na daɗe kafin in gane daga jikina yake tashi. Maƙerin ya ɗaga ƙarfen, ya duba aikinsa, ya ce bai ji ba, ya sake ɗorawa. Bayan nan ya yaɓa mini toka da kanwa ya ce in yi godiya ga Allah.

Zazzaɓi ya kayar da ni kwanaki. Da na iya buɗe ido, gyambon na nan, ya ƙara faɗi, ya samu ƙuna ta taya shi zama. Ta ƙofar ɗaki na hango fatoma zai tafi masallaci cikin rigata. Ta yi masa kyau, ban ƙi faɗa ba. Tanko ma ya gani. Ya ɗauki taɓarya a tsakar gidan ya bi shi. Na ji ƙarar abu kamar an fasa ƙwarya, na ji mata na salati. Tanko ya dawo da rigar a hannu, gabanta jina-jina, ya ɗora ni a kan takarkari muka fita ta bayan gari, ana jifanmu da hoge.

"Ka kashe shi?" na tambaya.

"Hancinsa kawai na gyara. Ya cika jin wari."

Kafin mu kai Wacha muka faɗa hannun dogaran Nasara masu jar dara. Baƙaƙe ne irinmu, wasunsu ma da Hausa a baki. Mutane suke kamawa don aikin hanya, sun riga sun ɗaure wasu matafiya wuya da wuya da igiya ɗaya. Babbansu ya ce in sauko. Na ce ba ni da lafiya. Ya ce duk wanda ya kama tun safe ba shi da lafiya, ya zuba mini dorina a gadon baya, na faɗo ƙasa ta fuska. Ya ce in tashi. Na kasa. Ya ƙara mini, ya ƙara, har na daina jin saukarta ɗaya ɗaya.

Tanko ya ce, "Ranka ya daɗe, malami ne, limamin gari ne. Ciwo ne da shi a gabansa."

"To mu gani."

Ya sa bakin bindiga ya yage mini wando a tsakiyar hanya, gaban ɗaurarru, gaban wasu mata masu tallan nono da suka rakuɓe a gindin aduwa. Ya fincike tsumman da ya manne da ƙunar, jini ya ɓalle. Ɗaya daga cikinsu ya toshe hanci ya ce wani abu da harshensu, suka kwashe da dariya. Dorina ta fi wannan sauƙi.

Ban ga lokacin da Tanko ya tashi ba. Na dai ga babban dogarin a ƙasa, Tanko a kan ƙirjinsa yana buga kansa da tsakuwa. Suka rufe shi da gindin bindiga. Suna dukansa a kai, a haƙarƙari, a baki, har ya daina kare fuskarsa. Wani ya ɗaga dorina ya sauke masa a ido, na ga idon ya fashe, ruwansa ya gangaro kan kumatu. Suka ɗaure shi a ƙarshen igiya, suka kora takarkarinmu da kayanmu. Ni ba su ɗauke ni ba, sun ce zan sa musu ƙuda a sansani. Da ana jansa, Tanko ya waiwayo da fuskar da ban gane ta ba, ya tofar da jini, ya ɗaga murya.

"Bawana! In ka mutu a nan ban yafe ba, ban gama morarka ba!"

Na kwanta a bakin hanya rana na dukana, ina ja da baya da gwiwar hannu zuwa inuwa. Matan nan masu nono sun gudu, amma ɗaya ta dawo ta ajiye ƙwarya kusa da kaina, fuskarta a juye, ta sake gudu. Da la'asar ayarin Buzaye ya biyo. Wani dogo mai baƙin rawani ya tsaya a kaina ya duba sau ɗaya. Ya kwance mayafinsa ya rufe ni daga cibiya zuwa gwiwa, kafin ya tambayi ko sunana. Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba. Na ce Damagaram, na ce likita. Ya ɗaure ni a kan raƙumi tsakanin kantun gishiri. Duk zangon da muka sauka sai ya ba ni nonon raƙumi, ya kawo ruwa ya juya mini baya har in gama wanke ciwon. Bai taɓa tambayata abin da ya same ni ba. A ƙofar barikin Damagaram ya sauke ni, na miƙa masa rigar Juma'ar nan mai jini, wadda ita kaɗai ta tsira don tare muka faɗo daga kan takarkari. Ya duba ta, ya girgiza kai, ya bar mini mayafinsa ma.

Mutanen can lokotoro suke ce wa likita. Wannan saurayi ne ramamme, zazzaɓin ƙasarmu ya mayar da shi rawaya, yana warin taba. Tafintansa wani dattijo ne Badamagare mai haƙorin goro. Lokotoro ya duba ni, ya latsa kaluluwar, ya ga aikin maƙerin Dungas, ya yi wata doguwar magana da ƙarfi.

Tafinta ya nuna lokotoro ya ce, "Musshe ya ce sannu."

"Duk wannan sannu ce?"

"Sauran na maƙeri ne da iyayensa. Ya ce daji ne, ya ci fiye da rabi. Zai yanke duka, ya cire kaluluwar. In ka yarda, wataƙila ka rayu. In ka ƙi, ba za ka ga kaka ba."

Lokotoro ya dafa kafaɗata, ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya, ya ƙara wata magana. Tafinta ya dube ni, ya dube shi, ya sosa gemu.

"Ya ce ka yi haƙuri da abin da zai faɗa, ya san abu ne mai nauyi ga namiji. Wai daga yau har ka mutu ba za ka ƙara yin fitsari a tsaye ba, sai a tsugune."

Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya. Na ce, "Gaya masa tun da aka yaye ni ban taɓa yi a tsaye ba. A garinmu jaki ne ke yin haka."

"Ta jakin zan bar ta a nan," in ji tafinta.

Abin da lokotoro ya ɗauka babbar asara ba komai ba ne a wurina, asarar da nake gani kuwa ba ni da hanyar fahimtar da shi. Yaya zan bayyana wa Bafaranshe gaban sahu? Na roƙi abu ɗaya, a ba ni abin da aka yanke in binne, don jikin ɗan Adam ne. Ya so ya sa shi a kwalba, amma ya ɗaga kafaɗa ya yarda.

Da safe aka yi, a kan teburin katako, don haske. Suka ɗora mini ƙyalle a hanci suka ɗiga banju, maganin sa barci, duniya ta yi nisa. Banjun ya yi musu ƙaranci a lokacin, sai suka tsakura mini. Na farka ana tsakiyar aiki. Na ji ana jan wani abu daga cikin matsematsina kamar ana tuge saiwa, na ji ƙarar almakashi a cikin namana. Na yunƙura, sojoji suka hau ni, ɗaya ya danne mini goshi da gwiwa, wani ya tura mini ɗamarar fata a baki. Lokotoro na ihu, jini ya wanke masa hannu har gwiwa, bai tsaya ba. Na so in karanta wani abu, duk abin da na haddace ya gudu, sai sunan Allah kawai, shi ma ta hanci. Na huda ɗamarar nan da haƙora kafin in sake suma.

Jinya ta fi yankan tsawo. An sa mini 'yar robar da fitsari ke bi, kullum a wanke ramukan da wani magani mai zafi kamar barkono. Gefe ɗaya ya ruɓe, aka sake buɗe shi ba banju. A gadon kusa da ni akwai wani tsohon soja da aka yanke wa ƙafa, shi ke kore mini ƙuda da mafici in hannuna ya gaza, shi ne kuma ya rarrafa da sanda ya binne mini ƙunshin abin da aka yanke a gindin katanga. Ya tambaye ni ko ana yi masa salla, na ce ba a yi. Ya ce ƙafarsa ma ba a yi mata ba, ga ta kuwa ta fi tafiya masallaci.

A kwancen nan kewar gida ta kama ni ta inda ban zata ba. Ban yi kewar littattafaina ba. Muryar ladaninmu nake so in ji, wadda ke karyewa a tsakiyar kiran asuba har karnuka su amsa, ni da na shekara ina neman dalilin sauke shi. Ina son in ji Hajo na faɗa da kaji. Ina tunanin Tanko, in kasa cin abinci.

Ranar da aka cire robar na tsuguna a bayan ɗaki na yi fitsari, na yi tsarki, na jira. Babu ɗigo, babu jini, babu wari. Na yi alwala, ta zauna a jikina daga azahar har la'asar, abin da na manta daɗinsa. Na yi kuka a kan buta.

Damina ta kusa faɗuwa Tanko ya iso. Ya gudo daga aikin hanya. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, idon hagu ya shafe, haƙoran gaba babu, bayansa kamar gonar da aka yi wa huɗa. Ya tsaya a kaina ya ƙare mini kallo da ido ɗaya.

"An rage mini bawa," ya ce. "Wa zai biya ni?"

Na kama hannunsa na riƙe. Ya ce in sake shi, mutane za su ɗauka muna shiri.

A ƙafa muka dawo, a hankali, muna kauce wa manyan hanyoyi da Dungas. Na gaya wa Hajo komai ranar da na sauka, na ba ta zaɓin da shari'a ta ba ta. Ta ce in matsa mata daga bakin murhu tuwo zai kama.

Da la'asar na fita masallaci. Jama'a sun cika don gaisuwa, Malam Idi ya ja da baya ya bar mini wurina. Mai gari ya ce, "Malam, yaya basir ɗin?"

Tanko ya riga ni. Ya ce da ƙarfi yadda na bayan sahu za su ji, "Wane basir? Faransa sun yanke wa limaminku kayan aiki kaf, an binne a Damagaram. Ku je ku yi ziyara."

Masallaci ya ɗauki dariya. "Tanko ba ka da kunya!" "Ko ido ɗaya bai sa ka shiryu ba!" Nan take na gane abin da ya yi mini. Maganar taubashi ba ta zama shaida. Duk falken da zai zo gobe da labarin daga arewa, za a ce ai wasan Tanko ne ya zagayo. Ya rufa mini asiri da gaskiya tsirara, ya kuma kashe mini idon da ya rage masa.

Na ce, "Jama'a, abin da ya faɗa haka ne."

Dariyar ta ƙaru. Mai gari har da share hawaye, ya ce tafiya ta koya wa Malam wasa.

Na ce, "Wallahi tallahi haka ne."

Dariyar ta ɗauke. Ba su taɓa jin rantsuwa a bakina ba. Na gaya musu sunan ciwon, na gaya musu abin da aka yi, na gaya musu hukuncin kamar yadda zan gaya wa ɗalibi, ina kallon tabarma. Na ce Malam Idi ya wuce gaba. Tanko ya zage ni a hankali, zagin da ba na wasa ba.

Malam Idi bai motsa ba. Ya ce, "Gafarta Malam, ka karantar da ni wannan babin, amma ka maimaita mini. Sallar wanda ya bi ka ta ɓaci?"

"Ba ta ɓaci ba."

"To mene ne aka ƙi?"

"A tsayar da ni liman na dindindin."

Tanko ya ce, "Wa ya ce dindindin? Dubi wannan ragowar, wa zai ba shi aikin dindindin? Na yau kawai muke so. Gobe ma a sake shawara."

Babu wanda ya yi dariya. Malam Idi ya dubi mai gari, mai gari ya dubi ladan. Ladan ya miƙe ya tayar da salla da muryar nan tasa, ya juyo gare ni ya ce, "Malam, na yau kawai."

Na nemi hujjar ƙi a cikin duk abin da na karanta, ban samu ba. Na wuce gaba.

Na tsufa yanzu, dajin bai dawo ba. A takardar mai gari Malam Idi ne liman, ni baƙo ne da ake roƙo. Tanko ya rasu shekarun baya, ni na yi masa wanka, na ga bayan nan nasa a karo na ƙarshe. Ranar da aka jera a kan gawarsa, ladan ya juyo ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba, muryar ta karye masa tun kafin ya fara. Na ce masa na ji, na wuce gaba.